Neman shawara: salon wace malama zan bi wajen koyon ɗinkin kwilt na ado?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son koyon kwilt na ado, wato ɗinkin da ake haɗa ƙyallaye su ba da hoto, a sa auduga a tsakiya da shafi a baya, a bi da ɗinki a rataye a bango. Keken ƙafa gare ni, sai buhun ragowar atamfa da shadda. Malaman da ake ambata suna da yawa, kowacce da salonta. Burina in kai ga yin fuskar mutum. Wa zan bi, kuma da me zan fara?

Anti Rabi:
Wa'alaikumussalam Maman Ilham. Kafin ki zaɓi suna, zaɓi hanyar haɗi, don a nan malaman suka rabu. Wasu ɗinke ƙyalle da ƙyalle suke yi gefe da gefe, wasu kuwa ɗora wani kan wani suke su manne.

A masu ɗinkewa, babba ita ce Nancy Crow ta jihar Ohio a Amurka. Tana cikin waɗanda suka kafa baje kolin Quilt National a 1979, kuma a wani tsohon rumbun katako da ta gyara a gonarta take koyarwa. Ba ta aza ma'auni in za ta yanka, da ido take yi, kuma yadinta mai launi ɗaya ne wanda aka rina da hannu. Ga yadda ake haɗi mai lanƙwasa a salonta: ki ɗora ƙyalle biyu, dukansu fuska sama, gefensu ya hau juna da kamar santimita 5, ki yanka su tare a lokaci guda. Sai ki kifa ɗaya kan ɗaya ki ɗinke, ki bar bakin milimita 6. In kika yanka su daban-daban, lanƙwasar ba za ta zo ɗaya ba, wurin zai kumbura, guga ba ta kwantar da shi.

Ruth McDowell kuma akasinta ce. Hoton tsiro ko dabba take mai da shi layuka, ta kwafa kan takarda mai santsi a gefe ɗaya, wadda zafin dutsen guga ke mannawa a bayan yadi. A gefen santsin ake zanen, in ba haka ba hoton zai fito a juye. Aikin yana da kyau ƙwarai, amma ba na ɗan koyo ba ne.

Hajiya Umma:
Ni dai tunda fuska kike so, ɗiyata, kada ki ɓata watanni kan yankan Crow. Salonta ya fi son yadi marar zane, ke kuwa atamfa ce a buhunki. Bisa Butler za ki duba. An haife ta a 1973 a jihar New Jersey ta Amurka, mahaifinta ɗan Ghana ne, ta yi karatu a Jami'ar Howard, ta kuma koyar da zane a makarantun sakandare kafin ta koma wannan aiki kacokan. Tsofaffin hotuna marasa launi na baƙaƙen Amurka take ɗauka ta fito da su da atamfa da kente (saƙin Ghana) da leshi, fatar mutum ta yi ta da shuɗi da ja da ruwan goro. Abin da ke sa fuskar ta fito shi ne haske da duhu suna inda ya kamata, launin kansa ba shi ne ba.

Wajen koyon hannu kuwa, hanyar Susan Carlson ta jihar Maine a Amurka ta fi sauƙi, ita ce ta yi hoton kada mai tsawon kusan mita 6 da ƙyallaye da gam. Ki mai da hotonki baƙi da fari a waya, a buga miki shi babba, fuskar ta kai aƙalla santimita 40, don ƙaramar fuska ido da hanci suna gagarar almakashi. Ki zagaye wuraren haske da duhu mataki 5, ki kwafa kan farin yadi. Ki raba ƙyallayenki kashi 5 daga mafi haske zuwa mafi duhu, ki ɗauke su hoto baƙi da fari, za ki ga ja da kore da kika zaci sun bambanta ashe duhunsu ɗaya. Ɗigon gam ɗaya a tsakiyar kowane ƙyalle, ki bar gefuna a sake don ki riƙa cusa wani a ƙarƙashi. Sai hoton ya gamsar da ke ki manne gefunan. Shadda ki yi hattara da ita, ƙyallinta yana sauyawa in an juya ta, bakinta kuma yana zarewa.

Malam Tela:
Hajiya ta gama magana kan fuska. Zan ƙara ta ɓangaren keke. A wanke atamfa tukuna sitaci ya fita, ta gama tsukewarta. Baƙin rini irin na Ƙofar Mata a yi ta ɗaurayewa har ruwa ya fito fes, in ba haka ba zai shafi farin da ke kusa. Gam ya kwana ya bushe. Ɗanye yana kama allura, zare ya riƙa tsallake. Allura mai lamba 14, in hawa ya yi kauri a koma 16.

Shafi da auduga su fi yadin hoton da santimita 10 ta kowane gefe. A shimfiɗa su, a kafa fil duk bayan tafin hannu ɗaya, a fara ɗinki daga tsakiya zuwa waje. Tattarewar da ake gani a baya, ƙafar keke ce ke tura hawan sama gaba alhali haƙoran ƙasa na jan na ƙasa, don haka a sassauta noti na sama mai danne ƙafar. Ɗinkin ado mai yawo kamar rubutu kuwa, sai an sauke haƙoran ko an rufe su da kati, a sa ƙafar sirfani, hannu ke tafiyar da yadin. Kada a raina keke: Caryl Bryer Fallert da ɗinkin keke ta ci babbar kyautar gasar kwilt ta garin Paducah a Amurka a 1989, lokacin da ake ganin sai na hannu ne aiki.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Audugar tsakiyar ce ban samu ba. Siririn soso zai yi?

Anti Rabi:
A'a, soso yana rugurgujewa da zafi ya zama gari a ciki. Nemi yadin fulanel ko siririn bargon jarirai, ki wanke shi tukuna. In gefunan ƙyallayen sun yi yawa suna tashi, ki shimfiɗa net mai laushi irin na mayafin amarya a kan hoton kafin ɗinki, mai duhu ya fi ɓacewa a ido fiye da fari. A baya ta sama ki ɗinka aljihu mai faɗin santimita 10 wanda sanda za ta shiga, kuma ki rataye a bangon da rana ba ta bugunsa, don launin atamfa yana ƙoɗewa.