Abin da aka tattauna kan wurin tunawa da sojojin da suka kwanta dama

1. Kusan kowa ya amince a rubuta sunan kowane sojan da ya rasu, har da waɗanda ba a ga gawarsu ba, kamar yadda aka rubuta sunayen irin waɗannan da ba a ga gawarsu ba a Ƙofar Menin ta Beljiyam, wurin tunawa da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka buɗe a 1927, domin iyalan da ba su da kabarin ziyarta su sami wurin tsayawa.

2. An rabu kan tsarin sunayen. Wasu sun fi son jerin haruffa saboda sauƙin nema, wasu kuma sun kawo misalin bangon tunawa da sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam da ke Washinton, na 1982, inda aka jera sunaye bisa ranar rasuwa, babu muƙami. Ni ma nan na karkata, domin kurtu da janar rai ɗaya suka bayar.

3. Ba a cimma matsaya kan kafa mutum-mutumi ba.