Tafasa ko rai-ɗore? Yadda ake rarrabe ganyayen damina masu kama da juna

Manomin Fadama: Assalamu alaikum. Damina ta kankama, yara sun fara shigowa da ganye daga bayan gari. Kowa ya kawo alamar da yake bi ya raba tafasa da rai-ɗore, da sauran masu kama da juna. Don Allah a kawo abin da ido zai gani ko hannu ya taɓa, ban da "ai ni da gani na sani".

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da bakin ganyen. Na tafasa dagumi ne, ya fi faɗi ta ƙarshe, kamar cokali. Na rai-ɗore tsini gare shi kamar bakin mashi. Sai ƙirga: tsinken tafasa ɗaya ganye shida yake ɗauka, bibbiyu sau uku, biyun ƙarshe sun fi girma. Rai-ɗore yakan kai takwas ko goma. A murza kuma a shinshina. Tafasa tana da ɗan ƙauri, amma warin rai-ɗore ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma yana daɗewa a yatsa.

Malamin Gona: Hajiya ta yi daidai, sai dai ƙirga tana yaudara idan tsiron ƙarami ne, don ganyen farko bai cika lissafinsa ba, kuma rai-ɗore ma yakan fito da shida. Abin da ba ya canzawa shi ne ɗan ƙullin da ke jikin tsinken. A tafasa yana tsakanin ganye biyu na farko, siriri, a tsaye kamar kan allura. A rai-ɗore yana can gindin tsinken, dab da inda ya haɗu da kara, kewayayye mai duhu. A duba da rana, don tafasa tana rufe ganyenta da yamma, sai ka buɗe da hannu.

Fure ba ya raba gardama a nan, duka biyun ruwan ɗorawa ne. Kwanso ne ke rabawa. Na tafasa siriri ne, dogo, yakan wuce santimita 15, ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje, 'ya'yan ciki masu ƙyalli ne da kusurwa. Na rai-ɗore ya fi gajarta, kimanin santimita 10, falle ne mai faɗi, yana kallon sama, gefensa ya fi tsakiyarsa haske, 'ya'yansa kuma a baje suke, ba ƙyalli.

Ga masu duba littattafai: tafasa ita ce Senna obtusifolia, rai-ɗore kuma Senna occidentalis. Tsofaffin littattafai Cassia suke rubutawa, a 1982 ne masana suka ware su zuwa Senna. Za ku ga ana kiran tafasa Cassia tora, amma tora ta gaskiya ta fi yawa a Asiya, kuma ƙulli biyu gare ta maimakon ɗaya.

Makiyayi: Malam, abin ya wuce maganar miya. 'Ya'yan rai-ɗore guba ne ga dabbobi. Da ɗanyensa ba sa kula shi saboda wari, matsalar tana zuwa ne bayan girbi, idan busassun kwanson suka shiga harawa, ko 'ya'yan suka gauraya da dawa ko masarar da za a niƙa wa kaji. Alamar a shanu: zawo, tangaɗi, kasa tashi, fitsari ya yi duhu kamar shayi, saboda gubar naman jiki take ci. A cire shi daga gefen gona kafin ya yi kwanso, a kuma rairaye hatsi kafin niƙa. 'Ya'yan tafasa ma ba abin ba dabba ba ne da yawa. A hana yara tauna ɗanyen kwanson rai-ɗore. A arewacin Indiya an danganta mutuwar yara da dama da cin sa.

Uwar Biyu: Shi ya sa ba a aiken ƙaramin yaro shi kaɗai. Tafasar ma a tsinki kan, mai laushi, kafin ta yi fure. Da ta fara kwanso ganyen ya yi tauri, ko an dafa an zubar da ruwan farko kwaɗon ba ya daɗi.

Ɗan Maraɗi: Wani abin lura, suna yana canzawa daga gari zuwa gari. Rai-ɗore wasu sanga-sanga suke ce masa. Kuma shi yakan ɗore har rani a bakin kwata ko juji mai laima, ita kuwa tafasa da kaka ta yi sai ta bushe ta bar karare. In ka ga mai kore shar a watan Fabrairu a bayan gida, yi shakka.

Baƙon Nyala: Gaskiya ne, Yaya. A Darfur da gabashin Chadi da ganyen tafasa ake yin kawal, wani kayan miya mai kama da daddawa: a daka ɗanye, a danna cikin tulu, a rufe baki da laka, a binne kimanin mako biyu ana juyawa lokaci-lokaci, sannan a dunƙula a shanya. Masu yi ganye-ganye suke tsincewa kafin daka, don bayan an daka ba mai iya gane abin da ya shiga.

Malamin Gona: Sai lalo da turgunnuwa. Su ganyensu babu haɗari, duka ana ci, duka suna yauƙi, sunayen ma a wasu wurare musanya su ake yi. Dukansu suna da 'yan zare biyu a gindin ganye kamar gashin baki, don haka wannan alamar ba ta raba su. Kwanso za a duba. Corchorus olitorius, mai faɗin ganye da ake nomawa, kwansonsa kakkaura ne, bakinsa ɗaya, yana tsagewa gida biyar. Corchorus tridens, na daji mai siririn ganye, kwansonsa siriri ne, yana ƙarewa da 'yan ƙahoni uku, yana tsagewa gida uku. Mai ajiye iri ya kula, in ba haka ba baɗi ƙaramin ganye zai cika masa fage.

Uwar Biyu: Gasaya ma tana da 'yar'uwa. Ta ci furenta fari ne ko mai ɗan shunayya, da dogayen gashi a tsakiya. Ɗayar furenta ruwan ɗorawa ne, jikinta duk danƙo, tana manne wa yatsa, kwansonta a tsaye yake.

Manomin Fadama: Madalla. Malam, idan ganyen ya riga ya bushe an kawo shi kasuwa a buhu fa?

Malamin Gona: Ɗebi tafi guda ka jiƙa a ruwan ɗumi na minti 10, ganyen zai miƙe, ka ga bakinsa dagumi ne ko tsini. Ka laluba ƙasan buhun kuma, da wuya a rasa guntun kwanso ko tsinke. In garin ganye ne aka daka, babu abin dubawa, sai dai ka saya a hannun wanda ka sani.