Jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa Nairobi, wanne zan hau?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni da maiɗakina muna Mombasa a ƙasar Kenya mun zo wani taro, jirgin saman da zai mai da mu gida daga Nairobi zai tashi, to ita ta dage sai mun bi jirgin ƙasan nan Madaraka Express wai ana ganin giwaye a hanya. Na duba na ga akwai na ƙarfe 8 na safe, akwai na 3 na yamma, akwai na 10 na dare. Wanne ya fi idan kallo ake so?

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Na dare dai cire shi a lissafi, fuskarka kawai za ka yi ta gani a gilashi. Na safe ku hau. Shi ne mai tsaye-tsaye, Mariakani, Voi, Mtito Andei, Kibwezi, Emali har Athi River, zai ci muku wajen awa 6 amma duk tafiyar da rana za ku yi ta.

Maman Ilham: Ni kam na 3 ɗin zan ce, ya fi sauri kuma daidai lokacin da rana ta yi sanyi kuke ratsa dajin Tsavo, lokacin dabbobi ke fitowa ai. Giwayen can jajaye ne wallahi saboda jar ƙasar da suke birgima a ciki, daga nesa sai ka ɗauka suri ne sai ka ga ya motsa.

Abu Hanif: Hajiya gaskiyarki kan Tsavo, amma fa can kafin 7 duhu ya yi, filin da ke kusa da Athi River inda ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa a duhu za su wuce shi.

Ɗan Zariya: Yallaɓai ko wanne ka zaɓa ka nemi kujerar taga ta hagu in kun nufi Nairobi, idan sama ta washe ana hango dutsen Kilimanjaro wajejen Emali, amma kar ka yi wa madam alkawari don gajimare kan rufe shi. Sannan tashar Mombasa ba a cikin gari take ba, tana Miritini, ku fita da wuri saboda go-silo da bincike, har karnuka ake sa wa su shinshina kaya. Fasfo ya zama a hannu. Tikiti da M-Pesa ake biya, wato tsarin biyan kuɗi ta waya na Kenya, ka roƙi wani a otal ya taimaka maka tun yau don yana ƙarewa.

Maman Ilham: Ka ba ta labarin zakunan Tsavo da suka riƙa cin leburori a 1898 lokacin da Turawa ke shimfiɗa tsohon layin dogo, amma sai kun wuce wajen tukuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na safen za mu bi. A Nairobi kuma ina yake sauke mutane?

Ɗan Zariya: Syokimau, kusa da filin jirgin sama ne ma. In cikin gari za ku kwana akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke kwasar fasinja daga nan.