Rim mai bidlok ga Hilux ɗin shiga ƙauye, ya cancanci kuɗinai?

Mai Wake Gidan Madi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masana mota. Ina da Hilux fo wil wadda nika shiga ƙauyukan Tangaza da Gudu da ita har Balle, in ɗauko wake da gero in kawo Sakkwato. Duk wanda ya san hanyar ga ya san da ka sauka kwalta rairayi ne zalla, balle da bazara in ya bushe ya yi laushi kamar gari. Dabarar da munka gada ita ce a rage iskar taya, to satin da ya wuce na rage ta wuce misali don ba ni da geji na auna iska, da ido kawai nika yi, ina karya kwana sai ji na yi fuuu, tayar gaba ta zare daga rim iska ya fice gaba ɗai. Wallahi mun fi awa biyu cikin rana muna gina muna neman abin da za mu aza jak bisa. Ɗana ya nuna min bidiyon wani rim da ake ce ma bidlok mai zobe da notina kewaye da baki, wai ko ka zubar da iska taya ba ta zarewa. Don Allah wanda ya san shi ya yi min bayani, wane iri zan saya kuma mi zan duba, kar in zubar da kuɗi banza.

Bakaniken Fo Wil:
Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da wahala. Rim na kullum iska ne ke tura bakin taya ya manne da shi, shi ya sa in iska ya yi ƙasa ƙwarai kuma ka murɗa sitiyari sai ta ɓalle. Shi bidlok bakin taya na waje ake azawa bisa leɓen rim a kawo zoben ƙarfe a danne shi da notina, galibi 24 ko 32 kowace ƙafa, ka ga ƙarfe ne ke riƙe da ita ba iska ba. Da shi masu hawan duwatsu a Amurka ke sauke iska har 8 ko 5 a geji (awon PSI), alhali rim na kullum in ka yi ƙasa da 15 ka fara wasa da wuta. Amma ka sani mafi yawansu bakin waje kawai suke kullewa, na ciki yana nan yadda ka san shi. Masu kulle duka biyun irin na motar sojan Amurka ne Humvee, rim ɗin ɓari biyu ne da abin tokare a ciki, kamfanin Hutchinson na yin su kuma tsadarsu ba ta wasa ba ce.

In har za ka saya fara da ramukan noti, Hilux shida ne 6x139.7, wato ramuka shida bisa da'ira mai faɗin milimita 139.7, daidai da Prado, kar wani ya liƙa ma na Land Cruiser 100 ko 200 don su biyar ne 5x150. Ramin tsakiya na rim ɗin Hilux kuma milimita 106.1 ne. Sai ofset, wato yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje, in ya fito da yawa taya za ta riƙa gugar jikin mota in ka karya kwana kuma boris zai riƙa mutuwa da wuri. Sannan ka duba nauyin da anka rubuta rim ɗin na ɗauka tunda kai mai lodi ne. Kamfanonin Method da KMC da Raceline duk suna yin na ƙwarai.

Wani abu da ba a faɗi a bidiyo, notinan zoben nan ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo, kaɗan kaɗan ake bin su ɗaya nan ɗaya can ana zagayawa sau uku ko huɗu da sifana mai awo, galibi ƙarfin ɗaurin bai wuce 20 ft-lb a awon sifanar ba, sannan bayan ka ɗan yi tafiya a sake bi, kuma haka za ka yi ta dubawa muddin rim ɗin na jikin mota. Balansin ɗinsu ma da wuya don sun fi nauyi, in ka hau titin Illela ka taka sai ka ji sitiyari na rawa. Da yawansu kamfani da kansa ke rubuta cewa na daji ne ba na kwalta ba.

Tsohon Direba:
Ɗana saurara min. Na yi shekaru ina bin rairayin nan har Ƙwanni da gaba da ita, ban taɓa sa wanga abu ba. Bidlok na riƙe bakin taya amma ba ya ɗaukar kaya, iska ke ɗaukar kaya. Ka aza buhunnan wake cike da bodi ka sauke iska zuwa 8 don kana taƙama da zobe, to taya ba za ta zare ba gaskiya ne, amma gefenta zai yi ta lanƙwashewa yana zafi har zaren ciki ya tsinke, ka yi asarar taya sukutum. Waɗancan da ka gani cikin bidiyo motocinsu ba kaya, wasa suka fito yi. Kai abin da ya kashe ka rashin geji ne. In ba lodi ka sauka 18, in rairayin ya yi tsanani 15, in da lodi na baya kar su yi ƙasa da 25, ka tafi sannu kar ka fizgi sitiyari kuma kar ka taka birki da ƙarfi. Ka sayi geji da ƙaramin famfo mai aiki da batir da shebur da katako mai faɗi na aza jak. Kana hawa kwalta ka maida iskanka, kar ka ce sai na kai gari.

Kuma ka tuna in ka yi faci can bayan Balle wa zai kwance ma noti 32 ya maida su daidai, yaron mai faci da guduma da ƙarfen ɓanɓare ya saba.

Ɗan Mabera:
Ni dai gargaɗi ɗaya gare ni don ya faru da ni. Na yi oda daga Legas an turo min hoto ga zobe ga notina reras, da kaya sunka iso ashe na ado ne, zoben haɗe yake da rim notinan ba abin da suke riƙewa, kuɗina sun tafi. In za ka saya ka ce a kwance zoben gabanka ko a yi ma bidiyo ana cire shi, in bai fita ka ga leɓen da bakin taya ke zama ba to ba bidlok ba ne. Akwai kuma wani na Method da suke kira Bead Grip, ba ya da zobe, tsaga-tsaga anka yi inda bakin taya ke zama don ya ƙara kamawa, shi kowane mai faci zai iya aikinsa.

Mai Wake Gidan Madi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba maganarka ta shige ni, don ranar ma da buhu goma sha biyu bayan motar kuma ban san nawa na bari cikin tayar ba. Gobe in sha Allah zan nemi geji da famfo in gwada 18 ɗin tukuna. Oga bakanike rim ɗina na ƙarfe ne inci 16, tun da ta zare nika ganin leɓen ya ɗan lotsa kuma tana rage iska cikin dare, ana iya buga shi ya miƙe ko sai na canza?