Ina so in karanta tauhidin ɗabi'a da ruhaniya, jami'a zan je ko makarantar tauhidi?

Ɗan_Zonkwa:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah ina neman shawara. Na gama sakandare, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma tun bara zuciyata take kan karatun tauhidi musamman ɓangaren ɗabi'a da rayuwar ruhaniya, wato me ya sa abu yake zunubi ko ba zunubi ba, da yadda mutum zai yi girma cikin addu'a. Matsalar ita ce ni ban ji kiran zama fasto ba, Baba kuma ya ce in ba fasto zan zama ba to ɓata kuɗin makaranta ne kawai. Akwai wanda ya yi wannan karatun a jami'a? Me ake koyarwa a ciki?

Baba_Rabaran:
Ɗana, sannu da wannan tunani. Ka fara gane cewa hanya biyu ce. A Jami'ar Jos akwai sashen addini da falsafa, can za ka yi digiri ka tafi bautar ƙasa kamar kowa, amma ɗabi'a kwas ne cikin kwasa-kwasai, za ka haɗa da tarihin ikilisiya da addinin gargajiya har da Musulunci. Sai kuma makarantun tauhidi irin su TCNN da ke Bukuru, wadda take nan tun 1959, ko JETS ta ikilisiyar ECWA a Jos, inda ake sujada da safe kafin a shiga aji. Ba dole sai mai neman naɗi ba, mun zauna aji ɗaya da malaman makaranta da mata.

Abin da zan ja kunnenka a kai, jami'a za ta koya maka tarihin addu'a amma ba mai tashinka da asuba ka yi ta. Na ga yara da suka san Anthony na hamadar Masar, wanda ya keɓe kansa don addu'a da azumi, ciki da waje, suka ci jarrabawa a kansa, azumin yini ɗaya kuwa ya gagare su.

Maryamu_K:
Baba Rabaran ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara ta ɓangarenmu na Katolika. Mu tauhidin ɗabi'a fanni ne mai zaman kansa, masu shirin zama Fada a makarantar St Augustine ta Jos sai sun yi falsafa tukuna kafin su taɓa shi, wanda ba limami ba kuma yana iya duba CIWA, cibiyar karatun tauhidi ta Katolika a Fatakwal, ko jami'ar Veritas a Abuja. Za ka sha koyarwar Augustine da Thomas Aquinas, manyan malaman ikilisiya na dā, har ka gaji, kan adalci da hikima da ƙarfin hali da kamun kai, sai batun lamiri wanda shi ne ya fi ba ni wahala, domin ana koya mana dole mutum ya bi lamirinsa amma kuma lamirin yana iya kuskure in ba a horar da shi ba, to ka ga inda gardama take. A ruhaniya mun yi Ignatius na Loyola, wani waliyyin Katolika, da yadda yake binciken zuciya kowane dare, har yau ina yi in barci bai sace ni ba.

Kuma kar ka ɗauka maganar Turawa ce zalla. Ranar da malaminmu ya kawo batun mai mata biyu da ya tuba yana neman baftisma, wace zai saka, 'ya'yan kuma fa, ajin ya kusa kamawa da wuta. Haka ranar da aka karanta Matiyu 5 kan juya ɗaya kuncin, a ajin akwai waɗanda rikicin Jos na 2001 ya ci gidajensu, wallahi shiru aka yi kamar ruwa ya cinye mu. Ka nemi littafin Samuel Kunhiyop kan ɗabi'ar Kirista a Afirka, ɗan ECWA ne, ya taɓo maita da cin hanci da aure.

Bulus_Mai_Shago:
Duk kun yi ta wa'azi ba wanda ya amsa wa Babansa. Aiki fa? Koyar da CRS, wato darasin addinin Kirista a makarantu, shi ne mafi yawa, sai ƙungiyoyin sulhu ko aikin ba da shawara a asibiti da gidan yari, in ka kai digiri na uku ka koyar a jami'a. Albashin dai sai a hankali. Kuma ka tabbata takardar makarantar da za ka shiga tana da alaƙa da wata jami'a da gwamnati ta sani, ƙanina ya yi shekara 4 a wata, da ya fito aka ce takardar ba ta kai shi bautar ƙasa.

Ɗan_Zonkwa:
Na gode Baba Rabaran, na gode Yaya Maryamu. Yaya Bulus kai ka tsorata ni amma gara da ka faɗa. Zan nuna wa Babana amsarka in ya dawo daga gona. Tambaya ɗaya, Helenanci da Ibrananci, harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, dole ne ko ana iya tsallakewa?

Baba_Rabaran:
A makarantar tauhidi ba ka tsira daga Helenanci ba ɗana. Fara haddace baƙaƙen tun yanzu, 24 ne kacal.