Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fallout"?

Jama'a, ina neman shawararku kan kalmar Turancin nan "fallout", wato abin da ke zubowa daga sama bayan fashewar bam ɗin nukiliya. Duk mai son yi wa Bahaushe bayanin fina-finan dodanni na zamanin yaƙin cacar baka sai ya ci karo da ita. Shi dodon muna da sunansa tun a tatsuniya. Abin da ke tashinsa a waɗannan fina-finai ne ba mu raɗa wa suna ba.

Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik. Wani jirgin masunta na Japan, Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki, yana can waje da yankin da aka ce akwai haɗari. Ana nan sai wani farin gari ya yi ta zubo musu daga sama, duwatsun murjani ne bam ya niƙe. Dukansu suka kwanta ciwo, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba. Mutanen Japan suka shiga tsoron cin kifi. A watan Nuwamba kamfanin fina-finan Japan mai suna Toho ya saki fim ɗin dodo Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla, kuma da halakar wani jirgi a teku fim ɗin ya fara. To, wannan garin nake nema wa suna.

"Tururin nukiliya" da muke ji a labarai sunan abin da garin ke fitarwa ne, garin kansa daban. "Burbushi" bai nuna haɗari ba.

"Ƙurar nukiliya" ce ta fi daɗin faɗa, amma ban yarda da ita ba. Idan Bahaushe ya ce ƙura ta lafa, fitina ta ƙare ke nan. Wannan kuwa sai ta sauka ne take soma ɓarna: ta shiga ruwa, ta kwanta kan ciyawa, saniya ta ci, yaro ya sha nono. Wani irin sinadarin da ke cikinta, sai bayan kusan shekara 30 rabin ƙarfinsa ke raguwa.

Ni dai "tokar nukiliya" na zaɓa. Toka abin da wuta ta bari ce, iska kuma na kwasarta ta kai nesa. Su ma Japanawa "tokar mutuwa" suka ce mata.

Mu ma abin ya taɓa mu. Faransa ta fara gwajin bam a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a Fabrairun 1960, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa wajenmu, har Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Dattawan da suka saurari rediyo ko suka karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a lokacin, don Allah da wace kalma aka kira ta? In akwai ta, zan ajiye tawa.