Wa ya taɓa zuwa Ainul Harra ta Al-Lis? Ina so in kai Hajiyarmu

Ɗan Fagge a Jidda:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu ce ke fama da ciwon gwiwa, yau shekara biyu a zaune take sallah, umrar da ta yi watan jiya ma a keke muka tura ta ɗawafi da sa'ayi, wallahi abin yana taɓa min zuciya don mace ce da ba ta iya zama waje ɗaya. Wani abokin aikina ɗan Sudan ya ce in kai ta ruwan zafin nan na Al-Lis wai mahaifinsa ya ji daɗinsa sosai. To amma tana da suga kuma tana shan maganin hawan jini. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya, ya wajen yake?

Baban Ummi, Makka:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Sau biyu na je. Hanyar bakin teku za ka bi, wadda ta nufi Ƙunfuza da Jizan, wajen kilomita 200 daga Jidda, in ka iso Al-Lis sai ka yi gabas ka shiga kwarin ta wajen duwatsu. Tun kafin ka sauka daga mota za ka hango tururi yana tashi musamman da sassafe, ga ɗan warin farar wuta. Amma ɗan'uwa ka ji da kyau, a bakin idon ruwan zafinsa ya haura digiri 70, a gabana wasu yara suka ɗaure ƙwai a leda suka zura, kafin mu gama shimfiɗa tabarma ya dahu. Ba a tsoma ƙafa a nan sam. Mu bokiti muka je da shi, a ɗebo a sirka da ruwan sanyi sannan a yi gashi da tawul. Ka je tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin zafi wahala kawai za ku sha, kuma in ka ga hadari kar ka ajiye mota cikin kwarin don ambaliya ba ta sallama.

Anti Nas:
Ƙanina maganar sugan nan ce ta sa na tsaya rubutu. Mai suga da ya daɗe da shi sau da yawa jijiyoyin ƙafarsa sun yi sanyi, sai ruwa ya ƙona shi bai ji ba, kuma ciwon ƙafar mai suga ka san yadda yake wahalar warkewa, na wanke irinsa da hannuna ba ɗaya ba ba biyu ba. Kar ka bari ita ta gwada ruwan, kai za ka gwada da gwiwar hannunka, kar ya wuce digiri 40, minti 10 zuwa 15 ya isa. Sannan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, ga maganin hawan jini a jiki, tana miƙewa jiri zai iya ɗibarta, a riƙe ta ta tashi a hankali, ta sha ruwa sosai. In akwai ko ɗan tsagewa a ƙafarta a haƙura. Ɗumin yana sassauta tsoka ya rage ciwo, wannan gaskiya ne, amma gurunguntsin da ya cinye ba ya dawowa da wanka. Ku fara ganin likitanta.

Ɗan Bauchi a Dammam:
Ni da farko na ɗauka irin Wikki ɗinmu na Yankari ne, can digiri 31 ne rani da damina ka yi ta iyo abinka. Na nan daban, ruwan sama ne ke nutsewa ta tsagar duwatsun Sarawat ya yi nisa ƙasa ya ɗau zafi ya dawo, shi ya sa Jizan ma suke da idanun ruwan zafi irin na Khuba. Mu nan gabas Ain Najm ce a Ahsa amma ta yi muku nisa.

Ɗan Fagge a Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na duba ƙafarta yanzu akwai kaushi ya tsage a dunduniya, ranar Lahadi muna da ganin likita zan nuna masa. Baban Ummi akwai wajen da mata za su keɓe ko sai na taho da labule?